Arkhip Lyulka, Maƙerin Injunan Jiragen Yaƙin Sukhoi

A watan Yuni na shekarar 1989, a filin jirgin sama na Le Bourget da ke bayan birnin Faris, inda ƙasashe kan taru bayan kowace shekara biyu su baje kolin abin da suka ƙera na sufurin sama, wani matuƙin gwaji na Tarayyar Sobiyet mai suna Viktor Pugachev ya yi wani abu da jirgin yaƙi samfurin Su-27 wanda har yau ma'abota wannan fanni ba su daina zancensa ba. Yana tafe a miƙe, ba da gudu mai yawa ba, sai kwatsam ya ɗaga hancin jirgin, ya ci gaba da ɗagawa har jirgin ya tsaya cak a kan jelarsa, bal ma ya ɗan kwanta da baya, alhali kuwa gangar jikinsa tana ci gaba da tafiya gaba, cikinsa yana dukan iska. Bayan 'yan daƙiƙoƙi ya sauke hancin ya wuce abinsa, kamar babu abin da ya faru. Saboda kamar da tsayuwar ta yi da gamsheƙa idan ta fasa kai, sai aka laƙaba mata sunan macijiyar.

'Yan kallo suka yi ta tafi suna yabon matuƙi, 'yan jarida suna yabon waɗanda suka zana fikafikan jirgin, amma injiniyoyin da suka san sirrin al'amarin hankalinsu yana wani wuri dabam, domin sun sani cewa injin jet yana da tsananin buƙatar iska ta shigo masa ta baki a miƙe kuma a daidaice, kuma idan aka karkatar da bakin nan yadda Pugachev ya yi, abin da aka saba gani shi ne injin ya shaƙe, ya yi aman wuta ta gaba, ko ya mutu ɗungurungum. Injuna biyun da ke cikin jirgin nan ko tari ba su yi ba. Sunansu AL-31F, haruffa biyun farko kuwa na sunan wanda ya ƙago su ne, Arkhip Lyulka, wanda a lokacin ya shekara biyar a kabari.

Al'adar mutane ce, idan ana zancen jiragen yaƙi, su riƙe sunan mai jirgi su manta da mai inji, shi ya sa ko a Kano ko a Damagaram ba a rasa wanda ya san MiG ya san Sukhoi, amma da wuya a sami wanda ya taɓa jin sunan Lyulka, ko Klimov, ko Tumansky. Wannan kuwa tauye haƙƙi ne, domin duk wanda ya bi diddigin sana'ar zai tarar cewa sabon inji yakan ci shekaru fiye da waɗanda gangar jirgi ke ci kafin ya nuna, kuma ƙasashen da ke iya ƙera injin jirgin yaƙi na zamani tun daga zane har zuwa narka ƙarfensa, ba tare da sun roƙi kowa komai ba, ba su kai yawan waɗanda suka mallaki makamin ƙare-dangi ba.

An haifi Lyulka ranar 23 ga Maris, 1908, a wani ƙauye mai suna Savarka a lardin Kiyef, cikin ƙasar da ake kira Yukren, a gidan talakawa manoma, irin gidan da ba a tsammanin ɗansa zai wuce garma da dokin huɗa. Sai Allah ya hukunta cewa yunwa da yaƙin basasar da suka biyo bayan juyin juya halin 1917 za su kori masu ilmi da yawa daga birane zuwa karkara, a cikinsu har da wani matashin masanin hisabi, Mykhailo Kravchuk, wanda ya zauna a Savarka yana karantar da yaran ƙauye daga 1919 zuwa 1921. Shi ne ya lura da kaifin basirar yaron, ya kwaɗaita masa lissafi, kuma daga baya, sa'ad da Lyulka ya shiga Kwalejin Fasaha ta Kiyef, ya sake tarar da malamin nasa a can yana koyarwa. Almajiri ya sauke karatu a 1931. Malami kuwa, a guguwar kame-kamen Stalin ta 1938, aka kama shi aka tura shi sansanin gwale-gwale na Kolyma a can ƙuryar Saberiya, inda ajali ya same shi a 1942. Daular da ta halaka malamin ita ce almajirin ya yi wa hidima har ƙarshen rayuwarsa, kuma haka zamanin nasu yake.

Aikinsa na farko a birnin Karkof ya shafi turbin na tururi, wato manyan farfelolin nan da tururi ke juyawa a tashoshin lantarki, kuma daga 1933 ya koma koyarwa a cibiyar ilmin jiragen sama ta birnin, inda aka sa shi cikin wani aiki da a lokacin ake ganin shi ne makomar manyan jiragen ɗaukar bam: a ɗauki tukunyar tururi da turbin ɗinta a dasa a cikin jirgin sama. Kasonsa a aikin shi ne na'urar da za ta sanyaya tururi ta mayar da shi ruwa, da ya zauna ya yi hisabi a tsanake sai ya ga cewa muddin ana son jirgin ya yi gudu, na'urar za ta yi girma da nauyi har ta cinye duk ribar da ake nema. Da wani ne, da ya rufe bakinsa ya ci gaba da karɓar albashi. Shi kuwa sai ya yanke cewa a yar da ruwa da tukunya gaba ɗaya, a bar iskar da jirgi ke ratsawa ta zama ita ce abin aiki.

Asalin hikimar ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga yadda zugazugi ke hura gawayi, gwargwadon iskar da aka tura wa wuta, gwargwadon zafinta. Injin jet yana zuƙar iska ta baki, ya miƙa ta ga kwamfireso, wanda ke matse ta har ta yi zafi. Daga nan ta shiga ɗakin ƙuna, a fesa mata kananzir, ta kama da wuta ta kumbura. A kan hanyarta ta fita sai ta bi ta kan ganyayen turbin ta juya su, turbin ɗin kuwa sandar ƙarfe guda ce ta haɗa shi da kwamfireson da ke gaba, saboda haka wutar ita ke zuga kanta da kanta. Abin da ya saura na ƙarfin iskar ya fice ta bututun baya da gudu mai tsanani, wannan ficewar ita ce ke tura jirgi gaba. Babu fistin, babu farfelar waje, wadda dama ita ce ta zame wa jiragen wancan zamani ƙarfen ƙafa, domin da zarar gudu ya doshi kilomita 700 zuwa 800 a sa'a, bakin ganyenta kan kusanci gudun sauti, ta daina cizon iska.

Nazarin wannan duka ya riga ya shiga littafi, domin masanin Sobiyet Boris Stechkin ya wallafa ƙa'idarsa tun 1929. Mas'alar da ta hana manyan malaman fannin amincewa ita ce ta zafi. Ƙarfen da ake da shi a shekarun 1930 ba ya jure abin da ya wuce digiri 650 zuwa 700 a ganyen turbin, ra'ayin jamhuru kuwa shi ne injin da ke aiki a wannan zafi ba zai haifar da abin kirki ba, sai dai a jira masana ƙarfe su kawo sabon gami. Lyulka ya kafa hujja da lissafi cewa idan jirgi yana gudu sosai, ko da wannan matsakaicin zafi injin zai biya buƙata, kuma a 1937 ya kammala zanensa na farko. Majalisar malaman cibiyarsa ta karɓi aikin da sanyin jiki, ta sallame shi zuwa Mosko, a can aka miƙa takardun ga Farfesa Vladimir Uvarov, wanda shi ne jigon masu nazarin turbin na gas a ƙasar, kuma mazhabarsa ta saɓa da ta saurayin. Amma da ya karanta sai ya yi insafi irin na malaman ƙwarai, ya ba da fatawa a ba shi dama. A cikin wannan shekara ta 1937 Frank Whittle ya tayar da injinsa na farko a Ingila, Hans von Ohain kuma yana kan nasa a Jamus, wanda ya ɗaga jirgin He 178 ranar 27 ga Agusta, 1939, kowanne yana ta nasa ba tare da sanin inda ɗan'uwansa ya kai ba.

A 1939 aka mayar da Lyulka Leningirad, masana'antar Kirov, inda shi da 'yan tsirarun mutanensa suka fara ƙera injin da suka kira RD-1, mai ƙarfin turi na wajen kilo 500, kuma a nan ne ya yi zaɓin da ya bi shi har kabari. Kwamfireso iri biyu ne. Akwai mai faifai guda, wanda ke karɓar iska ta tsakiya ya wurga ta gefe, yana da sauƙin ƙira, yana da juriya, sai dai yana sa inji ya yi ƙiba, kuma matsinsa yana da iyaka. Shi Whittle da von Ohain suka ɗauka. Akwai kuma mai sahu-sahu, wanda aka jera ganyaye zobe bayan zobe a kan sanda ɗaya, kowane sahu ya ƙara wa iskar matsi kaɗan ya miƙa wa na bayansa. Siriri ne, kuma ana iya ƙara masa sahu, amma yana da tsirfa, domin idan sahu ɗaya ya saɓa da 'yan'uwansa sai iskar ta juyo da baya ta girgiza injin har ta karya ganyaye. Lyulka ya ɗauki mai wuyar. Bai tsaya nan ba, a watan Afrilu na 1941 ya karɓi takardar shaidar ƙirƙira a kan inji mai hanya biyu, wanda wani kaso na iskarsa ke kewaye ɗakin ƙuna ta wani rami na waje maimakon ya shiga wuta, tsarin da a yau kusan kowane jirgin jet na fasinja da na yaƙi ke tashi da shi.

Wata biyu bayan haka, ranar 22 ga Yuni, rundunar Hitila ta afka wa Tarayyar Sobiyet, alhali RD-1 ya wuce rabi amma bai kammala ba. Hukuma ta ce ba lokacin gwaje-gwaje ba ne. Aka binne zane-zanen da sassan injin a harabar masana'antar, aka kwashe mutanen zuwa Chelyabinsk a yankin duwatsun Ural, inda mutumin da ya yi mafarkin jirgi mai gudun kilomita 900 a sa'a ya koma gyara hanyoyin iska na injunan tankokin yaƙi. Sai da labari ya fara zuwa cewa Jamusawa suna da jirgi marar farfela sannan aka tuna da shi, ya koma Leningirad tana cikin ƙawanya, ana ruwan harsasai mutane suna mutuwa da yunwa, ya tono takardunsa ya fito da su. Shekarun da aka yi hasara a nan ba su dawo ba.

Da yaƙi ya ƙare a 1945, shugabannin Sobiyet suka sami kansu a baya, kuma suna gaggawa, saboda haka suka bi hanyar da malaman fiƙihu za su kira taƙlidi. Suka kwaikwayi injunan Jamus da suka kama, Jumo 004 ya zama RD-10, BMW 003 ya zama RD-20, da su Yak-15 da MiG-9 suka tashi a rana ɗaya, 24 ga Afrilu, 1946. Sannan, abin da har yau Amurkawa ba su gama mamakinsa ba, gwamnatin Attlee ta Ingila ta yarda kamfanin Rolls-Royce ya sayar musu da injunan Nene da Derwent, aka miƙa Nene ga Vladimir Klimov ya kwance shi ya kwafe, ya fitar da RD-45, daga baya ya faɗaɗa shi ya zama VK-1 mai turin kilo 2,700. A gefe guda kuma, ranar 30 ga Maris, 1946, aka buɗe wa Lyulka ofishin ƙira nasa na kansa a Mosko, aka bar shi da ijtihadinsa.

A farkon 1947 injinsa TR-1, mai sahu takwas, ya ci jarrabawar gwamnati, ya zama injin jet na farko da aka zana aka ƙera a ƙasar ba tare da kwafi ba, har Stalin ya buga masa tangarahu na taya murna, kuma a watan Agusta na shekarar jirage biyu masu ɗauke da shi, Su-11 na farko da Il-22, suka ratsa samaniyar filin Tushino a gaban jama'a. Amma gaskiya ɗaya ce, turinsa bai wuce wajen kilo 1,300 ba, ƙasa da abin da aka yi alkawari, kuma yana shan mai, saboda haka ko ɗaya daga cikin jiragen nan ba a yi shi da yawa ba. Wanda ya je Koriya a 1950 ya firgita Amurkawa shi ne MiG-15, da injin Ingila a cikinsa sanye da rigar Rasha. Kada mai karatu ya raina muƙallidi, domin Klimov gwani ne, kuma ya ba ƙasarsa abin da take buƙata a ranar da take buƙatarsa. Mu ma nan mun ji ƙarar aikinsa: jiragen MiG-17 da aka sauke a Kano a 1967, farkon yaƙin basasar Najeriya, injin Klimov ne a cikinsu, kamar yadda MiG-21 da suka zo a tsakiyar shekarun 1970 suke ɗauke da injuna daga zuriyar Tumansky. Sai dai faifan nan guda ya kai iyakarsa da wuri, kuma da aka zo neman jirgin da zai ninka gudun sauti, dole kowa ya dawo kan sahu-sahun da Lyulka ya riƙe tun 1939.

Ba a ce ya tsallake nan da nan ba. Injinsa AL-5, mai turin wajen kilo 5,000, wanda daga kansa aka fara sa wa injunan haruffan sunansa, yana da mugun hali na mutuwa a sama idan matuƙi ya rage mai da sauri, kuma wannan hali ya taimaka wajen kashe jiragen gwaji fiye da ɗaya tun suna jarirai. Wanda ya fitar da shi kunya shi ne AL-7, mai sahu tara, wanda a cikinsa ya yi ƙarfin halin barin iska ta ratsa ganyayen sahun farko da gudun da ya wuce na sauti, abin da akasarin takwarorinsa ke gudu a lokacin. Sannan aka ƙara masa murhun baya, wato wurin da ake sake fesa kananzir a cikin iskar da ta riga ta wuce turbin, ta sake kamawa, turi ya ƙaru da kusan rabi na ɗan lokaci, mai kuwa ya riƙa zuba kamar an fasa tanki. A daidai lokacin ne maƙerin jirage Pavel Sukhoi, wanda aka rufe ofishinsa a 1949 aka sake buɗe masa a 1953, yake neman inji guda babba da zai gina jirgi a kewayensa. Daga nan zumuncin gidajen biyu ya ƙullu.

Jirgin gwajin da ya zama Su-7 ya tashi ranar 7 ga Satumba, 1955, a shekarar da ta biyo baya ya kai kilomita 2,170 a sa'a, ninki biyu na gudun sauti. Ranar 14 ga Yuli, 1959, matuƙin gwaji Vladimir Ilyushin ya hau da wani ɗan'uwan Su-9 zuwa mita 28,852, ya kafa tarihin duniya. Lyulka ya sami lambar Gwarzon Aiki a 1957. Amma matuƙan da ke zaune a barikoki, waɗanda ba a buga sunansu a jarida, sun san ɗaya fuskar al'amarin: AL-7F na farko-farko ba ya cika sa'a ɗari a sama kafin a sauke shi a kai garambawul, yana shan mai har Su-7 ya yi suna da gajeren zango, kuma da yake inji ɗaya ne tak a jirgin, ranar da ya tsaya babu na biyu da zai kawo mutum gida. Su-9 ya ci rayukan matuƙa da dama a farkon shekarun 1960, har da Sukhoi ya zo zana magajinsa Su-15 sai ya juya wa abokinsa baya ya sa injunan Tumansky guda biyu. Duk da haka an ƙera Su-7 sama da 1,800, Masar ta yi yaƙi da shi a 1967 da 1973, Indiya kuma a 1971.

Shekarun 1960 shekarun fari ne ga masu injin jirgi, domin shugaban Sobiyet Khrushchev ya ba da gaskiya ga roka, har ofishin Lyulka ya koma ƙera injin roka mai ƙona ruwan haidurojin saboda shirin zuwa wata, shirin da bai kai ko'ina ba. Da aka dawo kan jirage ya fitar da AL-21F-3, mai sahu goma sha huɗu, wanda ganyayen da ke tsaye tsakanin sahu da sahu suke juyawa su daidaita kansu da gudun injin, dabarar da Amurkawa suka riga shi amfani da ita a injin J79 na jirgin Phantom, kuma masana da yawa suna ganin ya leƙa allonsu. Mujtahidi ma yakan duba littafin wani. Turinsa ya kai kilo 11,200, kuma ya fi AL-7 tattalin mai nesa ba kusa ba. Shi ma ya zo da tasa jarrabawar, domin an yi amfani da titaniyum a kwamfiresonsa saboda rashin nauyi, shi kuwa wannan ƙarfe idan ganye ya goga jikin bango a cikin matsattsiyar iska mai zafi yakan kama da wuta da kansa ya cinye inji cikin daƙiƙoƙi, kuma an yi hasarar jiragen Su-24 na farko ta wannan hanya kafin a shawo kan matsalar. Da shi Su-17M da Su-24 suke tashi.

Aikin da ya cinye ƙarshen rayuwarsa ya samo asali ne daga Amurka, inda F-15 ya tashi a 1972 da injuna masu hanya biyu waɗanda turinsu ya kusan ninka nauyinsu sau takwas. Aka umarci Sukhoi ya kawo amsa, aka umarci Lyulka ya kawo injinta, sai ga dattijo mai shekara sittin da 'yan kai ya koma kan takardar shaidar da ya karɓa yana ɗan shekara 33, wadda sama da shekara talatin bai sami ikon aiwatar da ita a jirgin yaƙi ba. Aikin ya yi tsauri ƙwarai. Da jirgin gwajin Su-27 ya tashi ranar 20 ga Mayu, 1977, sabon injin bai nuna ba, da tsohon AL-21 ya tashi. Ganyayen turbin suka yi ta tsagewa a wurin gwaji, shan mai ya wuce abin da aka yi alkawari, aka sake zane ba sau ɗaya ba, shi kansa jirgin ma sai da aka rushe shi aka sake shi kusan daga tushe, sabon ya tashi a 1981.

Ya kamata a tsaya a dubi abin da ya fito daga wannan wahala, domin a nan ne gwanintar take. AL-31F nauyinsa wajen kilo 1,500 ne, amma idan aka kunna murhun baya yana turi da ƙarfin kilo 12,500. A kowace daƙiƙa yana haɗiye iska kilo 112, wato abin da zai cika ɗaki mai tsawon mita 6, faɗin mita 5, tsayin mita 3; sahu huɗu na gaba su fara matse ta, a raba ta biyu, kaso mafi yawa ya shiga sahu tara na ciki, har matsin ya ninka na iskar waje sau 23. Iskar da ke fitowa daga ɗakin ƙuna zafinta ya kusa digiri 1,400, wanda ya wuce zafin da gamin nikel ɗin da aka yi ganyen turbin da shi ke fara narkewa, ga shi kuma ganyen, wanda bai fi tsawon yatsa ba, yana juyawa sau dubbai a minti, ƙarfin juyin yana jan sa kamar an rataya masa tan-tan na kaya. Abin da ya hana shi narkewa shi ne an yi shi da rami a ciki, da ƙananan hanyoyi masu murɗa iska, ana ɗebo iska daga kwamfireso a bi da ita ta cikinsa. Kuma da yake ita kanta wannan iskar matsi ya riga ya zafafa ta, sai aka fara bi da ita ta wasu siraran bututu da aka shimfiɗa a cikin ramin waje, inda iska mai sanyi ke wucewa, ta huce tukuna. Mutumin da ya fara sana'arsa da lissafin na'urar sanyaya tururi, a kan sanyaya ƙarfe ya ƙare ta.

Bai ga ƙarshen aikin ba. Ya mutu a Mosko ranar 1 ga Yuni, 1984, yana da shekara 76, aka binne shi a maƙabartar Novodevichy, injin kuwa sai a 1985 ya kammala jarrabawar gwamnati a hannun magajinsa Viktor Chepkin. A 1986 wani Su-27 da aka rage wa nauyi aka ƙara wa injunansa ƙarfi ya hau mita 3,000 cikin daƙiƙa 25 da 'yan kai, ya ƙwace tarihin da F-15 ke riƙe da shi. Waɗanda suka zauna da Lyulka sun ruwaito cewa mutum ne mai raha, kuma duk daɗewarsa a Mosko bai yar da harshen ƙauyensu ba.

Ba zai yiwu marubuci ya yi ta yabon ganye da sahu ya manta abin da aka yi su dominsa ba. Waɗannan injuna sun ɗauki bam zuwa ƙauyukan Afganistan, da Checheniya, da Sham. A 1999 sun yi faɗa a samaniyar Afirka, sa'ad da Su-27 na Habasha suka kakkaɓo MiG-29 na Iritiriya, ƙasashe biyu matalauta suna ƙona dukiyar da ba su da ita. Tun daga 2022 kuma, a yaƙin Rasha da Yukren, ɓangarorin biyu duka suna tashi da injunan Lyulka, ƙasar da ta haife shi da ƙasar da ta binne shi, kowacce tana kiran sa nata. Hisabin wannan ba a hannun injiniya kaɗai yake ba, amma ba a ce hannunsa babu komai ba.

Hujja mafi ƙarfi a kan darajar aikinsa daga Sin ta fito. Sinawa sun sayi Su-27 a farkon shekarun 1990, suka karɓi lasisin harhaɗa shi, ba da jimawa ba suka iya kwafe gangarsa da na'urorinsa. Da suka zo ƙera jirginsu na kansu, J-10, wanda ya fara tashi ranar 23 ga Maris, 1998, ranar da Lyulka zai cika shekara 90 da yana raye, injin gidansa suka saka, haka kuma J-20 ya fara tashi a 2011 da injuna daga wannan zuriya. Nasu injin, WS-10, tun shekarun 1980 suke fama da shi, kuma sai da ya haura shekara talatin kafin su amince su ɗora masa jirgi mai inji ɗaya a rundunarsu, duk da kuɗi da masana'antu da injiniyoyin da Allah ya hore musu. Ana iya auna ganyen turbin da ma'auni a san tsawonsa da kaurinsa, amma yadda aka narka shi, da yadda aka bar shi ya huce, da kurakuran da aka yi shekara arba'in kafin a gane, waɗannan ba sa fitowa a awo. Indiya tana ƙera AL-31FP, mai bututun baya da ke lanƙwasawa, a Koraput bisa lasisi, kuma a watan Satumba na 2024, shekara 40 bayan mutuwar mai shi, ta sa hannu a kan yin wasu guda 240. Injunan Su-35 da Su-57 jikokin AL-31 ne, har ma akwai wani ɗan'uwansa da aka sauke ƙasa yana tura iskar gas a bututun Rasha.

Aibin da bai rabu da zuriyar ba shi ne gajeren rai. Mazhabar Sobiyet ta ɗauka cewa jirgin yaƙi ba zai daɗe a fagen fama ba, saboda haka ta fifita ƙarfi da juriyar ƙura da sauƙin sauyawa a kan tsawon kwana, ta kuma tanadi masana'antu a bayan fage masu karɓar inji su yi masa garambawul su mayar. Injunan Amurka na wannan aji sun fi su daɗewa a jikin jirgi, ko da yake magadan Lyulka sun rage tazarar, har sun kai ran injin Su-35 sa'a 4,000. Wannan tsari ya dace da mai masana'anta, amma ga mai saye daga nesa, irin Aljeriya da Uganda da Angola da Habasha masu tashi da AL-31, ma'anarsa ita ce bayan kowane 'yan ɗaruruwan sa'o'i akwai ranar komawa ƙofar wani da kuɗi a hannu, kuma idan mai ƙofar yana cikin yaƙi ko takunkumi, sai a yi haƙuri. Najeriya ta ɗanɗana irin wannan da MiG-21 da Jaguar, waɗanda suka ƙare kwanakinsu a ajiye a ƙasa, kuma JF-17 guda uku da ta karɓa a 2021, ko da yake Sin da Pakistan suka ƙera su, injinsu RD-93 daga gidan Klimov na Rasha yake. Saboda haka, ya mai karatu, duk ranar da ka ji an ce gwamnati ta sayo sababbin jiragen yaƙi, kafin ka tambayi gudunsu da makamansu, tambayi wane ne ya ƙera injin, sa'a nawa yake yi kafin garambawul, a wace ƙasa za a yi garambawul ɗin, kuma ko an sa kuɗinsa a cikin kasafi.